Ina Bill Barilko Ya Shiga? Jirgin da Ya Ɓace Shekara 11 a Dajin Kanada

Ranar Lahadi, 26 ga Agusta, 1951, wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, samfurin Fairchild 24, irin wanda ke sauka a kan ruwa, ya sha mai a Rupert House da ke bakin tekun James Bay a lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Mutum biyu ne a cikinsa, suna dawowa daga kamun kifi a kogin Seal da ke can arewa. Matuƙin, wanda kuma shi ne mai jirgin, likitan haƙori ne mai suna Henry Hudson. Na gefensa saurayi ne ɗan shekara 24, Bill Barilko, wanda a lokacin babu gidan da ba a san sunansa ba a Kanada. Garinsu Timmins suka nufa, tafiyar da ba ta kai kilomita 400 ba. Jirgin ya ja jiki a kan ruwa, ya ɗaga, ya yi kudu. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan kusan shekara goma sha ɗaya.

Kafin a gane abin da ya sa ɓatan mutum biyu ya tayar da hankalin ƙasa guda, sai an san wasan da Barilko yake bugawa da kuma matsayinsa a wurin mutanen Kanada. Hoki na ƙanƙara wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, 'yan wasa shida a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa don zamiya, riƙe da sanda mai lanƙwasa. Ƙwallon ba mai tsalle ba ce, wani baƙin faifan roba ne mai tauri. Ana buga zango uku na minti ashirin-ashirin. A wasannin neman kofi, idan lokaci ya cika ana kunnen doki, sai a shiga ƙarin lokaci, kuma duk wanda ya fara jefawa a raga ya ci, an tashi ke nan. Babbar gasar ita ce NHL, kofinta kuma Kofin Stanley. A wancan zamani ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar, biyu daga cikinsu na Kanada: Toronto Maple Leafs da Montreal Canadiens. Ta farko ita ce abar alfaharin masu jin Ingilishi, ta biyu ta masu jin Faransanci, don haka haɗuwarsu ta wuce wasa.

A shekarar 1951 su biyun suka haɗu a zagayen ƙarshe, inda wanda ya fara cin wasa huɗu zai ɗauki kofi. An buga wasa biyar, kuma duka biyar sai da aka shiga ƙarin lokaci, abin da bai sake faruwa ba a zagayen ƙarshe har yau. A wasa na biyar, daren Asabar 21 ga Afrilu a filin Maple Leaf Gardens, Montreal na gaba da ci 2 da 1 har lokaci ya kusa cika. Toronto ta fitar da mai tsaron ragarta ta ƙara ɗan gaba, Tod Sloan ya farke saura daƙiƙa 32. Aka shiga ƙarin lokaci. Da aka yi minti biyu da daƙiƙa 53, faifan ya gangaro daga wajen ragar Montreal, sai Barilko, wanda mai tsaron baya ne kuma kocinsa Joe Primeau ya sha gargaɗinsa kan barin wurinsa, ya baro baya a guje, ya yi sufa, ya maka shi ta saman mai tsaron raga Gerry McNeil. Mai ɗaukar hoto Nat Turofsky ya kama shi yana shawagi a iska, ƙafafunsa sun bar ƙanƙara. Wannan ne kofinsa na huɗu cikin kaka biyar, bayan na 1947 da 1948 da 1949. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan wannan dare ne ya shiga jirgin Dakta Hudson.

An haifi Barilko a Timmins da ke lardin Ontariyo ranar 25 ga Maris, 1927, ɗan baƙin da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, masu asali da Yukiren. Timmins gari ne da zinariya ta kafa. Tun da aka gano ta a yankin a 1909, mahaƙun Hollinger da McIntyre da Dome suka jawo leburori daga ƙasashe daban-daban, kuma 'ya'yan waɗannan leburori ne suka cika ƙungiyoyin hoki na arewacin Ontariyo. Barilko bai fara a matsayin gwani ba. Sai da ya je wata ƙaramar ƙungiya a Kalifoniya, Hollywood Wolves, kafin Toronto ta kira shi a Fabrairun 1947. Abin da ya kawo musu ƙarfi ne da rashin tsoro: yana bangaje abokan hamayya, yana jefa jikinsa gaban faifai. A kakar 1947 zuwa 1948 shi ne ya fi kowa zaman hukunci a gasar, minti 147. 'Yan uwansa sun ba da labari daga baya cewa mahaifiyarsa ta roƙe shi kada ya yi wannan tafiya, domin ranar Juma'a za su tashi, kuma ranar Juma'a ce mahaifinsa ya rasu shekaru kaɗan kafin nan. Ya tafi, ranar Juma'a 24 ga Agusta.

Rundunar sojan saman Kanada ta jagoranci neman, wanda aka bayyana a matsayin mafi girma irinsa a tarihin ƙasar zuwa lokacin. Jirage sun yi ta zagaye dajin makonni da dama, ƙungiyar Toronto ta sa tukuicin dala 10,000 ga duk wanda ya gano ɗan wasanta. Ba a ga ko ƙyallen ƙarfe ba. Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, aka dakatar.

A nan ne labarin ya rabu gida biyu: abin da ya faru a daji, da abin da bakin mutane ya ƙirƙira a gari. Na biyun ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ya cutar da waɗanda suka rage da rai.

Jita-jita ta farko ta ce ba kifi suka je kamawa ba, fasa-ƙwaurin zinariya suke yi. Wanda ya san Timmins zai gane inda wannan magana ta samo ƙafa. Satar ɗanyar zinariya daga mahaƙa tsohuwar matsala ce a garin, ma'aikata kan fito da gutsattsari a ɓoye, akwai kuma masu saye su fitar da ita. Ga likitan haƙori, wanda sana'arsa ma tana hulɗa da zinariya, ga jirgi na kansa, ga yawan tafiye-tafiye zuwa daji. Mutane suka haɗa ɗaya da ɗaya. Wasu suka ce sun tsere da dukiyar, wasu suka ce nauyinta ne ya kayar da jirgin. Amma zancen bai ma tsaya da ƙafarsa ba tun daga taswira. Mai son fitar da zinariya daga Timmins kudu zai nufa, inda kasuwa da iyakar Amurka suke. Waɗannan arewa suka tafi, inda babu mai saye, kuma a kan hanyar komawa garin zinariyar ne suka ɓace.

Jita-jita ta biyu ta fi muni. Ta ce Barilko ya gudu Tarayyar Sobiyet ne domin ya koya wa Rashawa hoki. A tuna da zamanin. A 1945 wani ma'aikacin ofishin jakadancin Sobiyet a Ottawa, Igor Gouzenko, ya sauya sheƙa ya tona asirin wata cibiyar leƙen asiri a cikin Kanada. A 1951 sojojin Kanada suna fagen yaƙin Koriya. Duk mai suna irin na gabashin Turai yana iya zama abin zargi, kuma 'yan asalin Yukiren sun riga sun ɗanɗana wannan tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da gwamnatin Kanada ta tsare dubbansu a sansanoni. Sai kuma ga abin da ya ƙara wa wutar mai: a 1954, karo na farko da Sobiyet ta shiga gasar hoki ta duniya a Stockholm, ta lallasa Kanada da ci 7 da 2 ta ɗauki kambun, a 1956 kuma ta ci zinariyar Olamfik a Cortina ta ƙasar Italiya. Mutanen Kanada, waɗanda suke ganin wasan gadonsu ne, sun kasa yarda cewa wani zai iya koyonsa shi kaɗai har ya doke su. Lallai akwai wanda ya kai musu sirrin. Wa ya ɓace kuwa?

Amsar yadda Rashawa suka iya tana nan a fili ga mai son gani. Sun daɗe suna buga wani wasa mai kama da shi a kan ƙanƙara, da ƙwallo zagayayya a babban fili, don haka zamiya da riƙon sanda ba baƙonsu ba ne. Sun kafa gasar hoki ta ƙasa tun 1946, sun karɓi baƙuncin ƙungiyar LTC ta birnin Prague a 1948 suka gwada ƙarfinsu, kuma suna da masu horarwa irin su Anatoli Tarasov da Arkady Chernyshev da tauraro kamar Vsevolod Bobrov. Salon da suka zo da shi ma, na yawan miƙa faifai da motsi tare, kishiyar salon Barilko ne na bangaza da ƙarfin tuwo. Sannan ƙungiyar da suka doke a Stockholm ba ƙwararrun NHL ba ne, wata ƙungiyar 'yan sha'awa ce daga unguwar East York ta Toronto. Kuma ko da Barilko ya so tafiya, jirgin da ke buƙatar tsayawa shan mai a tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita ba zai ƙetare teku ba. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan zargi shi ne wanda aka ɗora wa: yaron da aka haifa a Ontariyo, wanda ya ci wa Toronto kofi huɗu, amma da ya ɓace sai sunan mahaifinsa ya rinjayi duk abin da ya yi. Mahaifiyarsa da yayansa Alex da 'yar uwarsa Anne sun rayu cikin wannan magana shekara da shekaru, ba gawa, ba kabari, ga kuma tsegumi.

Ranar 6 ga Yuni, 1962, wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Ron Boyd, ya isa ga tarkacen jirgin a cikin daji, kimanin kilomita 100 arewa da garin Cochrane. Ƙasusuwan mutanen biyu suna nan a kujerunsu, ɗaure da bel. Ba a sami zinariya ba. Wurin ya kauce daga hanyar da ya kamata su bi da kusan kilomita 56.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne rabin amsar tambayar da ta dami mutane, wato yaya aka yi irin wannan gagarumin nema bai gan su ba. Masu nema kan zana layi tsakanin inda jirgi ya tashi da inda ya nufa, su fi mai da hankali a gefe da gefensa. Kowane kilomita da jirgi ya kauce yana ƙara faɗin dajin da za a duba. Sauran rabin amsar kuma yanayin ƙasar ce. Yankin da ke kudu da James Bay shimfiɗaɗɗe ne, fadama ce mai laka da gansakuka, cike da dogayen itatuwa masu duhun ganye da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ga ƙananan tafkuna birjik waɗanda duk kamarsu ɗaya daga sama. Ƙaramin jirgin da ya faɗo da kai a irin wannan wuri ba ya share fili kamar babban jirgi, yana kutsawa ne tsakanin itatuwa, laka ta haɗiye gabansa, rassa su rufe sama. Mai nema da ke wucewa da gudu yana da 'yan daƙiƙu ne kawai, kuma sai ya bi daidai ta kansa. A 1951 ƙananan jirage ba su ɗauke da na'urar da ke aika siginar neman agaji bayan haɗari, wadda sai a shekarun 1970 aka wajabta ta. Jirgi mai saukar ungulu kuwa, wanda ke iya tafiya a hankali ƙasa-ƙasa ya kuma tsaya cak a iska, bai yawaita a ayyukan daji ba sai daga baya. Ba abin mamaki ba ne da ya zama shi ne ya gano su.

Dalilin faɗuwar, kamar yadda aka yanke, abubuwa uku ne suka haɗu: ƙarancin ƙwarewar matuƙi, mummunan yanayi, da lodin da ya wuce kima. Kowane ɗaya shi kaɗai ana iya tsira da shi. Jirgi mai ƙafafun sauka a ruwa tun asali yana da nauyi da jan iska fiye da mai taya. A ƙara masa kifin da aka kamo da kayan zango da cikakken tanki, sai ya riƙa tashi da ƙyar, ya kuma riƙa shan mai fiye da lissafi. Idan iska tana busowa daga gaba, tafiyar ta ƙara tsawo. Idan daga gefe take, tana tura jirgin daga hanya a hankali ba tare da matuƙi ya lura ba, musamman a ƙasar da babu dutse ko hanya ko gari da zai gane wuri da shi. Ga hadari, ga yamma na gabatowa. Hudson likita ne mai tuƙi don sha'awa, ba ɗaya daga cikin matuƙan dajin da suka ƙare rayuwarsu a wannan hanya ba. Babu ɗan leƙen asiri a labarin, babu ɗan fasa-ƙwauri. An binne Barilko a Timmins, kuma a 2011 wasu mutanen garin suka shiga dajin suka kwaso abin da ya rage na jirgin.

Saura magana ta uku, wadda ta fi sauran tsawon rai, har ƙungiyar mawaƙan Kanada The Tragically Hip ta saka labarin a waƙarta Fifty Mission Cap a 1992. Toronto, wadda ta ci kofi huɗu cikin shekara biyar tare da Barilko, ba ta sake ci ba sai 1962, shekarar da aka gano shi. Magoya baya suka ce wani baki ne ya bi ƙungiyar, bai sake ta ba sai da aka sami gawar. Yawancin masu ba da labarin sukan jera shi kamar an fara gano shi ne sannan nasara ta dawo. Kwanan wata ya nuna akasin haka. Toronto ta ɗauki kofin ranar 22 ga Afrilu, 1962, a birnin Chicago, da ci 2 da 1, Dick Duff ne ya jefa ta ƙarshe. Sai bayan kwana 45 aka isa ga jirgin.

Wanda kuma ya duba waɗanda suka ci kofin a tsakani ba zai nemi camfi ba. Detroit ta ci a 1952 da 1954 da 1955, da Gordie Howe da Ted Lindsay da Red Kelly da mai tsaron raga Terry Sawchuk. Montreal ta ci a 1953, sannan ta jera biyar daga 1956 zuwa 1960, da Maurice Richard da Jean Béliveau da Doug Harvey da Jacques Plante, jerin da babu wanda ya sake yin irinsa. Chicago ta ci a 1961 da Bobby Hull da Stan Mikita. Toronto ta faɗo ne a tsakanin manyan ƙungiyoyi biyu na tarihin wasan, a daidai lokacin da tsofaffin 'yan wasanta ke ajiye sanda. Ta farfaɗo ne bayan zuwan koci Punch Imlach a 1958, wanda ya haɗa matasa da tsofaffin hannu, ya kai ta zagayen ƙarshe a 1959 da 1960, ya ɗauko Red Kelly daga Detroit. Idan ana neman abin da ya haɗa ƙungiyar 1962 da Barilko, akwai wanda ya fi camfi daɗin ji kuma gaskiya ne: Frank Mahovlich da Allan Stanley 'yan Timmins ne, babban mai tsaron bayanta Tim Horton kuwa a Cochrane aka haife shi, garin da jirgin yake kwance a arewa da shi. Ƙasar mahaƙan da ta ba da Barilko ita ce ta ba da waɗanda suka dawo da kofin.

Tambayar da ta rage ita ce wadda masu jera gwanayen wasan ke yi: a ina za a sa shi? Da NHL ta fitar da sunayen 'yan wasa 100 mafi girma a 2017, don cikarta shekara ɗari, babu Barilko, kuma ba ya cikin zauren karramawa na hoki da ke Toronto. Alƙaluma suna goyon bayan haka. Ya buga wasa 252 a kakar gasa, ya ci 26, ya taimaka aka ci 36. Wayne Gretzky, wanda ke cikin ɗarin, ya tara maki 2,857, wato ci da taimakon ci a haɗe. Bobby Orr, wanda shi ma aka ɗauki hotonsa yana shawagi a iska bayan ya ci wa Boston kofi a ƙarin lokaci a 1970, ya karɓi kyautar gwarzon mai tsaron baya sau takwas a jere. Ba a haɗa su. Amma Toronto ta ajiye lambar rigarsa, 5, ba wanda ya sake sawa, kuma shekaru masu yawa, har zuwa 2016, lambobi biyu ne kawai ta yi wa haka, tasa da ta tsohon ɗan wasanta Ace Bailey.

Ni ma ba zan sa shi cikin ɗarin ba, domin jeri irin wannan da abin da mutum ya yi ake cika shi. Sai dai ban yarda da masu cewa ƙwallo ɗaya da mutuwa ne kawai suka ɗaga shi ba. Masu tsaron baya a wannan wasa ba su cika nuna da wuri ba, Orr ne ya fita daban. Doug Harvey, wanda yake cikin ƙungiyar Montreal a daren da Barilko ya ci ƙwallonsa, ya karɓi kyautarsa ta farko ta gwarzon mai tsaron baya a 1955 yana da shekara 30, ya kuma tara bakwai. Nicklas Lidström na Detroit ya fara karɓa a 2001 yana da shekara 31, shi ma ya tara bakwai. Tim Horton, wanda ya samu gurbi na dindindin a bayan Toronto bayan ɓatan Barilko, ya buga wasa sama da 1,400, kuma yawancin abin da ya kai shi cikin ɗarin ya yi shi ne bayan ya haura talatin. Da a ce an tsayar da ƙididdigar waɗannan ukun suna da shekara 24, da wuya a sami wanda zai shiga jerin a cikinsu, kuma babu ko ɗaya da yake da kofi huɗu a wannan shekarun.